Surukin da Ba Ya Cin Yaji

Ruwan sama ne ya koro Mudi cikin shagon, ba yunwa ba. Wata Laraba ce a farkon daminar 1985, yana dawowa daga makarantar firamaren da yake koyarwa a Bosso, hadari ya cim masa a Sabon Gari, dab da tashar jirgin ƙasa. Ya jingina kekensa a jikin bango, ya faɗa ƙofar farko da ya gani a buɗe. Da ya tsaya ya karanta allon da ke saman ƙofar, da ya gwammace ya jiƙe. GIDAN WUTA aka rubuta da jan fenti.

Gidan abinci ne mai benci huɗu, cike da maza. Kowa gumi yake yi duk da sanyin ruwan, ba ka jin komai sai ƙarar cokali da jan majina. Tun kafin Mudi ya zauna tari ya sarƙe shi, don iskar ɗakin ma kanta yaji ce.

Wata doguwar budurwa ta taso daga bayan kantar shagon, da tire a hannu.

"Malam, me za a kawo maka?"

"Shinkafa da miya," in ji Mudi. "Amma don Allah wadda ba yaji."

Cokula suka tsaya cak. Wani ɗan dako ya juyo da loma a baki yana kallonsa, sai ɗakin ya kwashe da dariya.

Budurwar ba ta yi dariya ba. Ta dube shi tun daga hula har takalmin robarsa, ta taɓe baki.

"Malam, asibiti yana can gaba. Nan gidan abinci ne."

Kunya ta sa ya ce a kawo duk wadda ake da ita. Ta kawo masa wadda ake zuba wa baƙi da marasa lafiya. Cokali ɗaya ya kai baki. Shaƙuwa ta kama shi, hawaye suka wanke masa fuska, ya wawuri kofin ruwan na kusa da shi. Kafin ya kai baki ta fizge kofin.

"Ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi," ta ce, ta dangwarar masa da kwanon nono. "Sha wannan, Tattasai."

"Mudi nake," ya faɗa da ƙyar.

"Na ji. Amma tattasai ne kai. Ga girma, ga ja, ba zafi."

Ya ɗago idanunsa jajawur, ta cikin hawaye ya ga tana cije leɓe don kada murmushi ya ƙwace mata. Washegari rana tarwai, ba ko alamar hadari, sai ga kekensa a jingine a jikin bangon nan.

Sunanta Rahmatu, autar mai shagon. Mai shagon kuwa duk Minna an san shi, Malam Mamudu Kukun Jirgi. Kakansa ya zo garin ne tare da masu shimfiɗa layin dogo, shi kuma shekara talatin da huɗu ya yi yana girki a jirgi da gidan saukar baƙin ma'aikata. Duk baƙon da ya sauka, sai Malam Mamudu ya tatse shi. Wani injiniya ɗan Indiya, Mista Pinto, ya koya masa bindalu, naman da ake kwantarwa cikin ruwan tsami da tafarnuwa da busasshen barkono, sai dai shi Malam Mamudu da rago yake yin nasa. Wani mai hura wutar jirgi ɗan Ghana ya nuna masa shito, baƙin yajin da ake soyawa da busasshen kifi. A wurin wani malami Bahabashe ya ɗauko miyar kaza mai albasa kamar hauka, 'yan Koriya masu aikin hanya kuma suka bar masa kabejinsu mai tsami da ke nutse cikin jan barkono. Da ya yi ritaya ya haɗa su duka a shago ɗaya, ya ƙara musu attarugu da tsiduhu a kan yadda masu su suka koya masa, don a ganinsa su ma ragwaye ne.

A wurin Malam Mamudu mutane iri biyu ne, masu cin yaji da sauran tarkace. Bai taɓa ɓoye wannan ba. Yana da doka kuma a gidansa: duk mai neman 'yarsa sai ya zauna a gabansa ya cinye farantan nan huɗu tas, ba ruwa, ba nono. Mazan yayyen Rahmatu biyu sun ci sun haye. Ɗayansu sai Sallah-Sallah yake zuwa gaisuwa, ɗayan ko Sallar ma aike yake yi, amma dai sun cinye faranti huɗu, sai a jinjina musu.

Mudi kuwa gyambon ciki gare shi, tun zaman yunwar kwalejin horon malamai. Likita ya hana shi ko masoro.

Duk da haka kullum yana shagon. Ya sayi faranti, ya tura wa na kusa da shi, ya zauna da kwanon nono yana satar kallo. 'Yan dako suka ƙaunace shi ƙwarai, suna yi masa dariya suna cinye abincinsa. Malam Mamudu ko amsa gaisuwarsa ba ya yi sai da hanci.

Da yake ba a iya magana a shago, sai wasiƙa. Rifkatu ce mai kaiwa da kawowa, ƙawar Rahmatu tun firamare, maƙwabciyarsu, nas ce a asibiti. Ta farko a takardar littafin ɗalibai ya rubuta ta:

"Attaruguna, bayan gaisuwa mai yawa. Yau kwana arba'in ke nan ina sayen abincin da ba na ci. Ba wauta ba ce, ko kuma wautar ce, amma ke kika jawo. Tun ranar da kika ƙwace mini kofin ruwa ban sake samun natsuwa ba. Jiya na rubuta sunanki a allo a madadin kwanan wata, yara suka yi ta tambayata wace ce. Ki taimaka ki gaya mini abin da zan ce musu. Naki, Mudi."

Amsar ta zo bayan kwana uku, a bayan takardar naɗe biredi:

"Tattasai, na ga saƙonka. Ka ce wa yaran su yi karatunsu. Kai kuma ka daina zama kusa da taga, hayaƙin kicin ta nan yake fita, shi ya sa kake tari. Ka dawo bencin da ke kusa da kanta. Ba don komai ba, don lafiyarka. Rahmatu."

Ya dawo bencin kusa da kanta. Daga nan raini ya fara laushi, ko da yake sunan bai canja ba. Ranar Asabar sukan haɗu a zauren su Rifkatu da yamma, ita Rifkatun na gefe tana saƙa kamar ba ta ji.

"Me ka gani a jikina?" Rahmatu ta tambaye shi wata rana. "Ni da ban taɓa gaya maka magana mai daɗi ba."

"Kin ba ni nono lokacin da kowa ke dariya."

"Don kada ka mutu mana a shago ne."

"To ki ci gaba da hana ni mutuwa, Attaruguna. Ba na neman fiye da haka."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyalenta. "Wallahi ina sonka, Tattasaina. Amma Baba nake tsoro."

Ba Baba kaɗai ba ne abin tsoro. Akwai Ishaku, direban tankar mai da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Minna. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin baki, da haƙorin Makka ɗaya da yake dariya dominsa ko ba abin dariya. Ɗanyen attarugu yake taunawa a bainar jama'a, ba don daɗi ba, don a gani. In ya shigo shago sai ya kaɗa makullan mota a kan tebur tukuna ya yi sallama. Ya daɗe da sa ido a kan Rahmatu, ita kuwa in ta ajiye masa abinci har goge hannu take yi a zani.

Cikin mako guda manyan Ishaku da na Mudi suka je gaisuwa. Malam Mamudu ya ce abu mai sauƙi ne, su zo su biyun ranar Lahadi bayan azahar.

Inna Jummai, mahaifiyar Rahmatu, ta yi ƙoƙarinta.

"Malam, yaron nan ba shi da lafiya. Kuma ita shi take so."

"Jummai, namijin da cokali ɗaya ya sa shi kuka, me zai tare mata a duniya?"

Rifkatu ma ta gaya wa Rahmatu ba ɓoye-ɓoye, faranti huɗun nan suna iya fasa masa ciki. Rahmatu ta kwana biyu tana saƙa da warwara. Ranar Asabar ta aika masa da layi biyu:

"Tattasaina, gobe ka ci duk abin da na ajiye a gabanka. Kada ka ji tsoro, kada ka tambayi komai."

Da sanyin safiyar Lahadi, uban yana masallaci, ta ɗora ƙananan tukwane a bayan ɗakin Inna. Ta yi bindalu da tattasai zalla, ta yi miyar kaza da tumatir, ta soya shiton har ya yi baƙi ba ko ƙwayar barkono a ciki, kabejin ma haka. A ido ba mai rabe su da na gaskiya.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam Mamudu ya harɗe a kujerarsa, dattawan unguwa uku na gefe a matsayin shaidu. Rahmatu ta ajiye wa kowa farantinsa na farko.

Ishaku ya naɗe hannun riga ya hau ci, yana gurnani, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mudi ya yi bisimilla ya rufe ido ya kai loma. Ya jira wutar. Shiru. Ya sake kai ta biyu, daɗi kawai ya ji. Ya dubi farantin Ishaku, ya dubi nasa, ya ɗaga kai ya hango Rahmatu a bakin ƙofar kicin tana roƙonsa da ido.

Ya ajiye cokalin.

"Baba, ka gafarce ni. Wannan ba irin na gaban Ishaku ba ne."

Malam Mamudu ya miƙo hannu ya lakato miyar da yatsa ya ɗanɗana. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni.

"Rahmatu. A gidana aka dafa wannan ruwan wanke kwanon?"

Ta durƙushe a inda take.

"Daga yau kada ki sake taɓa mini tukunya." Ya juyo wurin Mudi. "Kai kuma ka faɗi gaskiya, na ji. Tashi ka ba ni wuri. Mace ta yi maka sata don ta san ba ka da abin da za ka ci da kanka."

Ishaku ya cinye farantansa huɗu, har ya jawo na Mudi ya suɗe, yana haska haƙorin Makka. Dattawa suka ce sun shaida.

Wasiƙar da Rifkatu ta kawo wa Mudi washegari ko gaisuwa babu:

"Malam Mudi, na gode. Na tashi da asuba na yi abin da ban taɓa yi wa ubana ba saboda kai, ka tona mini asiri a gaban dattawa. Ka fita da gaskiyarka fes, ni ka bar ni da Ishaku. Ka riƙe gaskiyar taka ta yi maka girki. Kada ka sake rubuto mini."

Ya rubuta duk da haka:

"Attaruguna, kin yi gaskiya, na cuce ki. Amma da na cinye, da kullum in na durƙusa gaida Baba sai na tuna da sata na shigo gidansa, ke ma kin sani. Ba zan iya zama da ke a kan haka ba. Ban haƙura ba. Ban san abin da zan yi ba tukuna, amma ban haƙura ba."

Ba ta ba da amsa ba. Rifkatu ta ce Rahmatun ta karanta sau uku, ta cusa a ƙarƙashin filo, ta ce a gaya masa wai ta yaga.

Ishaku kuwa tun ba a sa rana ba ya fara taka ƙasa kamar shi ya shimfiɗa ta. Bayan mako biyu ya dawo daga Legas, Malam Mamudu ya yi masa bindalu na musamman, naman ya kwana ya wuni cikin tsami, ya kawo masa da hannunsa. Ishaku ko sunsunawa bai yi ba. Ya zaro wani gwangwanin garin barkono daga aljihu, ya zazzage a kai har miyar ta ɓace.

"Baba, hannunka ya fara sanyi, tsufa ne," ya ce yana juyawa da cokali. "Ai in an ɗaura sai ka rufe wurin nan ka huta. Girki na mata ne. Ba na so a tasha a riƙa cewa surukina kuku ne."

Malam Mamudu ya tsaya yana kallon farantin. Wannan maganar ba sabuwa ba ce a kunnensa. Ita dangin Inna Jummai suka gaya masa ranar da ya je neman aurenta, suna dariya, wai namiji mai tuƙa tuwo. Ita 'ya'yansa maza uku suka gaya masa da ƙafafunsu, don ba wanda ya yarda ya riƙe ludayi, duk sun gudu aikin ofis da kanikanci. Shekara arba'in yana rama rainin nan da barkono, yana sa ƙattin maza kuka a kan bencinsa. Ga shi yau wanda ya zaɓa da kansa ya maimaita masa. Ya juya ya koma kicin. Ya riga ya yi magana a gaban shaidu, shi kuma ba ya lashe amansa.

Kwana uku bayan haka, da safe, yana daka a bayan shago, ya ji sallama. Mudi ne, ya durƙusa nesa kaɗan saboda ƙurar barkono.

"Me kuma ka zo yi? Nonon ya ƙare."

"Baba, zuwa na yi ka koya mini."

"In koya maka ci?"

"A'a. Ci kam ba zan taɓa iyawa ba, ba sai na yaudare ka ba. Dafawa nake so ka koya mini."

Malam Mamudu ya tsayar da taɓarya. "Ba'a ka zo yi mini a ƙofar shagona?"

"Wallahi ba ba'a ba ce. Rahmatu a cikin abincin nan ta tashi. In Allah ya ba ni ita, ranar da ta kwanta ciwo, ranar da ta haihu, wa zai dafa mata irin na gidan ubanta? Ba na so a ce don ta aure ni ta yi sallama da abin da ta saba."

"In kuma ban ba ka ita ba?"

"Na dai koya."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, kallon da yake yi wa naman da bai yarda da mahaucinsa ba. Daga ƙarshe ya tura masa taɓaryar da ƙafa.

"Daka. In ka yi atishawa a turmina, ka kama hanya."

Aka yi sa'a hutun makaranta ya zo. Mako bakwai Mudi ya yi a kicin ɗin nan, da tsumma ɗaure a hanci da tsohon zani a ƙugu. Masu cin abinci suka sami abin nishaɗi kyauta, ana leƙowa ta taga ana kiransa uwargida. Iyayen ɗalibansa suka ji labari, wasu har tsayar da shi suke yi a hanya su tambaye shi nawa ne kwanon tuwo. Hannuwansa suka yi ja suna raɗaɗi, ya manta ya sosa ido sau biyu, ya ga tashin hankali.

Malam Mamudu bai rage masa komai ba. "Wannan albasar ta Habasha sai ta narke ba mai, kai ka ƙona ta! Shito baƙi ake so, ba gawayi ba! Kai da lissafi kake koya wa yara, Allah ya ji ƙansu." Da yake Mudi ba ya iya ɗanɗanawa, sai ya koyi girki da hanci da ido da kunne. Ya gane ƙamshin tafarnuwa in ta kusa ɗaci, ya gane yadda ƙarar mai ke sauka in ruwan shito ya ƙone. Abu ɗaya tsohon bai taɓa bari ya yi ba, zuba barkono. Wannan da hannunsa yake yi, yana faɗa da baki: bindalu hannu uku, miyar kaza hannu biyu da rabi.

Rifkatu ta kai wa Rahmatu labari. Rahmatu ta ce ita ina ruwanta. Washegari aka ga ta zo ɗaukar tsintsiya a bayan shago, tsintsiyar da akwai irinta uku a gida. Ta hango shi a durƙushe gaban dutsen niƙa, hawaye na zuba, yana hura yatsunsa. Da yamma ya tarar da ɗan kwanon manja a kan sirdin kekensa, da takarda:

"Ka shafa a hannu kafin ka taɓa barkono, wawa kawai. Ba wai na huce ba ne."

Bayan kwana biyu ta tsaya a bakin tagar kicin, uban ya fita sallar la'asar.

"Tattasai, dubi yadda ka rame."

"Kin daina fushin?"

"Saura kaɗan." Ta kau da kai. "Duk garin nan dariya ake yi maka saboda ni."

"Tun ranar farko ake yi mini dariya a gidan nan, Attaruguna. Na saba. Rashinki ne ban saba da shi ba."

Ta goge ido da gefen gyale ta ce hayaƙi ne.

Ran nan Malam Mamudu ya tara dattawan nan uku. Ya ce ya yi tunani, gwajin farko an yi maguɗi a cikinsa, abin da aka yi maguɗi a ciki kuwa ba ya tsayawa, don haka a sake ranar Lahadi. Ishaku ya yi dariya ya ce ko sau goma ne. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ranar Asabar tsohon ya miƙa wa Mudi makullin kicin ya ce ya dafa huɗun duka, shi kaɗai.

Aka sake shimfiɗa tabarma. Ishaku ya kai lomar farko ta bindalu, ya ɗan yi jim, ya daure.

"Yauwa Baba! Yau ka dawo hayyacinka. Wannan shi ne girkin maza."

A faranti na biyu ya daina magana. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, majina ta sauko har kan haƙorin Makka. A na uku, shito, ya kai cokali biyu, ya miƙe zumbur ya yi kan randar Inna Jummai, ya tsoma kai ciki gaba ɗaya kamar akuya. Dattawa suka kau da kai suna gyaran murya.

Malam Mamudu ya yi mamaki shi ma. Ya jawo ragowar bindalun ya ɗanɗana. Sai ga abin da ba a taɓa gani ba a Sabon Gari: Kukun Jirgi ya sarƙe da tari, hawaye shar a kumatunsa.

"Mudi! Fito nan! Nawa ka zuba?"

Mudi ya fito daga kicin da zaninsa a ƙugu, ya durƙusa. "Yadda kake faɗa, Baba. Hannu uku."

"Miƙo hannun in gani."

Ya miƙa. Tsohon ya ɗora nasa ɗan siririn tafin a kai, bai kai rabi ba.

"Hannuna nake nufi, ba wannan shebur ɗin naka ba! Kashe mu za ka yi?"

Ishaku ya ɗago daga randa, ruwa na zuba daga gemunsa. "Wa... wannan ne ya dafa?"

"Shi ne. Girkin maza, in ji ka. Saura faranti ɗaya da rabi, ko za ka dawo ka zauna?"

Ishaku ya lalubi makullansa ya fice, ko takalmi bai saka daidai ba.

Malam Mamudu ya sake lakatar bindalun, wannan karon a hankali, ya juya shi a baki. Ban da haukan barkonon, komai ya zauna inda ya kamata, tsamin, tafarnuwar, laushin naman. Ya share ido da hular kansa.

"Masu ci na samu har biyu a surukai," ya ce wa dattawan. "Sun ci sun tafi. Mai dafawa ban taɓa samu ba, ko a cikin waɗanda na haifa." Ya harari Mudi. "Ka turo manyanka. Amma ka sani, bakinka har gobe na jarirai ne."

Daga cikin ɗaki Inna Jummai ta rangaɗa guɗa.

An ɗaura auren bayan kaka, a ƙofar gidan Malam Mamudu. Ango da surukinsa ne suka yi girkin walima, abin da ya ba 'yan gulma aikin wata guda. Mutanen Bosso da na ƙauyen Beji da ma'aikatan jirgi suka ci suna kuka suna neman ƙari. Da za a tafi da amarya, tsohon ya dafa kanta ya ce, "Na yafe miki tukwanen bayan ɗaki. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu baki irin na uwarsu." Rahmatu ta rungume ƙafafunsa tana kuka, Rifkatu ce ta ɓamɓare ta da ƙyar.

Kwana uku da tarewa, a ɗan gidansu na haya a Bosso, Mudi ya hana ta shiga kicin. Da azahar ya fito da miyar kaza irin ta Habasha, ya ajiye a gabanta, ya koma gefe da farar shinkafarsa da man gyaɗa yana jiran hukunci.

Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu. Gumi ya tsattsafo mata a hanci.

"Yaya?" ya tambaya.

"Yajin ya yi daidai. Gishiri ne bai ji ba."

Fuskarsa ta faɗi. "Kin san ba na iya ɗanɗanawa."

Ta matso kusa da shi, ta kama ƙaton hannun nan da har yanzu bai gama warkewa ba, ta riƙe shi da nata biyu.

"To daga yau kai ka dafa, Tattasaina, ni ce harshenka. Tashi ka miƙo gishirin."

Ya tashi ya miƙo. Allah ya bar su tare, ya sa albarka a tukunyarsu.